Kogin da Yake Fita Najeriya Ya Dawo: Gada, Gulbin Maraɗi da Tafkin Madarunfa

A unguwar GRA ta birnin Katsina, ranar da aka yi sa'a famfo ya kawo ruwa, ba kowa ke tsayawa tambayar inda ruwan ya kwana ba. Wanda ya ɗan san gari zai ce daga Ajiwa yake, kuma ya faɗi gaskiya. Madatsar Ajiwa, wadda aka gina a tsakiyar shekarun 1970 a ƙasar Batagarawa, ita ta daɗe tana shayar da birnin, tun kafin ya zama fadar gwamnatin jiha a 1987. Tambaya ta biyu ce ke kayar da mutane: wane kogi aka tare a Ajiwa? Sunansa Tagwai. Idan aka ƙara da ta uku, aka ce ina Tagwai ya nufa kafin a tare shi, hannu yakan nuna kudu, domin taswirar firamare ta koya wa kowa cewa teku tana kudu, ruwa kuwa teku yake nema. Amma Tagwai arewa ya dosa. Abin da ya tsira daga Ajiwa yakan bi ta gabashin birnin ya shige Jamhuriyar Nijar.

Ba shi kaɗai ne mai wannan hali ba. Yana da ɗan'uwa a yamma wanda ya fi shi girma, ya kuma fi shi labari, wato Kogin Gada. Gada yakan taso daga tuddan da ke kudu da birnin Katsina, ya gangara arewa maso yamma har Jibiya, inda aka tare shi ya zama tafki. Daga nan ya ƙetare iyaka, sunansa ya koma Gulbin Maraɗi, ya wuce ta gefen Tafkin Madarunfa, ya ratsa Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, ya yi kwana kamar lauje, bayan tafiyar kusan kilomita 120 a cikin Nijar ya sake shigowa Najeriya ta wajen Sabon Birni, ya zuba a Rima. Ke nan a kan wannan ruwa Najeriya ce a sama, ita ce kuma a ƙasa, Nijar tana tsakiya. Wannan ƙaramar gaskiya ta labarin ƙasa tana da nauyin da ba a cika ba ta ba, kuma shekara 200 na tarihin Katsina sun bi ta cikin kwarin nan.

Tudu da yashi

Dalilin da ya sa ruwan ya juya wa teku baya ba wani abin mamaki ba ne. Tsakiyar Jihar Katsina tudu ne na tsohon dutse, kamar gadon bayan jaki, ruwan da ya sauka a kansa yana rabuwa. Na gabas yana gangarawa ƙasar Kano, ya bi ta Haɗeja da Yobe yana neman Tafkin Chadi. Na yamma, irin su Karaɗuwa da aka tare a Zobe kusa da Dutsinma, yana bin Bunsuru zuwa Rima. Na arewa, Gada da Tagwai, suna sauka inda ƙasa ta fi kwari, kuma nan kwarin yana wajen Nijar ne. Ɗigon ruwan da ya faɗi a gona kudu da Katsina yana iya isa Tekun Atilantika, amma sai ya bi ta Maraɗi, ya dawo ta Goronyo, ya wuce Sakkwato da Argungu da Birnin Kebbi, kafin ya shiga Kogin Neja ya kama hanyar kudu.

Wanda ya ga Gada a watan Maris zai yi shakkar kiransa kogi. Shimfiɗar yashi ce fara, mai faɗi, da sawun shanu da na babura, masu tifa suna ɗiba. Ruwa yana gudana a cikinsa kimanin wata huɗu ne kawai a shekara, daga saukar damina zuwa kaka, domin ruwan saman da yankin ke samu bai cika wuce milimita 700 ba, kuma mafi yawansa a Yuli da Agusta yake zubowa. A lokacin marka kuwa halinsa dabam ne. Hadari ɗaya a tudu ya isa ya cika shi baki da baki cikin sa'o'i, ruwa ja wur mai ɗauke da ƙasar gonaki da itatuwa da duk abin da ya tarar, bayan kwana biyu ya ja baya kamar ba a yi ba.

Sai dai kogi irin wannan hawa biyu gare shi, kuma na ƙasan ne ya fi amfani. Yashin da ido ke gani soso ne. Kowace ambaliya takan cika shi, shi kuma ya riƙe ruwan a inda rana ba ta kai masa. Makiyayi ya san wannan: yakan tona kamu biyu ko uku a tsakiyar busasshen kogi ya shayar da garkensa. Mai lambu ya sani, tun zamanin jigo har zuwa zamanin ƙaramin injin ban-ruwa. Rijiyoyin garuruwan da ke bakin kwarin duk daga wannan ajiya suke sha. Da zarar kogin ya bar ƙasar dutse ya shiga ƙasar rairayi, wajen iyaka, sai gudunsa ya ragu, ya baje a fadama mai faɗi, ya zube lakar da ya ɗauko. Lakar nan ita ce takin fadamar Maraɗi, ruwan da ya kwanta kuma shi ne ke nutsewa ya sabunta rijiyoyi. A wurin mutanen kwarin, ambaliya matsakaiciya alheri ce da ake jira. Shekarar da gulbi bai fita daga gadonsa ba ita ce shekarar fargaba.

Tafkin

Kimanin kilomita 20 zuwa 25 kudu da Maraɗi, a gefen hagu na gulbin, akwai wani kwari da ruwa ke shiga ba ya gaggawar fita. Shi ne Tafkin Madarunfa. Babban mai ciyar da shi wani ƙaramin gulbi ne da ko a taswira sai an duba da kyau, Gulbin Gabi, wanda shi ma daga ɓangaren Najeriya yake tasowa, ya bi ta ƙasar Gabi da gefen dajin Baban Rafi, ya zuba a tafkin daga kudu. Idan Gulbin Maraɗi ya cika sosai shi ma yakan ba da nasa rabon. Tafki ne mara zurfi, mai numfashi da yanayi: da kaka yakan kai ɗaruruwan hektoci, ya shanye gonaki da gindin itatuwa, da bazara ya tsuke, ya bar baƙar laka a gefe, manoma su bi shi a baya suna shuka a inda ya janye. A yankin da tabkuna da yawa ke ƙafewa tun kafin hunturu ya wuce, tafkin da ke kai wa wata damina da ruwa a cikinsa dukiya ce babba.

Masunta na kama tarwaɗa da karfasa da gaiwa, kifin ya isa kasuwar Maraɗi. Garkunan da ke sauka daga arewa da rani nan suke sha. Tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai nan suke yada zango. Amma abin da ya fi ɗaukaka sunan Madarunfa ba kifi ba ne, kaburbura ne. Al'adar wurin ta ce waliyyai 99 ke kwance a kewayen tafkin, ana zuwa ziyara daga Nijar da Najeriya, mutanen garin kuma suna ba da labarin haske da ake gani da dare a kan wasu kaburburan. Bakatsinen da ya tashi yana jin sunayen Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani ba zai ga baƙon abu a nan ba, ƙasa ɗaya ce da al'ada ɗaya. A 2006 gwamnatin Nijar ta sa tafkin da dajinsa da kaburburan a jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, a 2019 kuma aka shigar da shi jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci ga duniya. Takardu ne masu kyau. Abin da ba su iya yi ba shi ne su hana yashi shiga, domin yashin da ke cike tafkin sannu a hankali daga gonakin da aka sare wa itatuwa yake zuwa, wani ɓangarensu kuma a wata ƙasa suke.

Hanyar waɗanda aka kora

Kafin jihadi babu wanda zai kira wannan kwari ƙasar waje. Arewacin ƙasar Katsina ne, kamar yadda Katsina Laka take kudancinta. Sunan Maraɗi kansa sarauta ce a fadar Katsina. Da birnin ya faɗa hannun masu tuta wajen 1807, Malam Umarun Dallaji da Umarun Dumyawa da Muhammadu Na Alhaji, gidan sarautar da aka tumɓuke ya ja arewa zuwa Ɗankama. A can, bisa ruwayar da ta fi yaɗuwa, Sarki Magajin Halidu ya faɗa rijiya bayan an ci su da yaƙi. Waɗanda suka rage suka naɗa Ɗan Kasawa, suka yi gaba zuwa Damagaram, suka zauna shekaru a matsayin baƙi. Wajen 1819 mutanen kwarin gulbi suka yi wa wakilin sabuwar hukuma tawaye, suka nemi Ɗan Kasawa, ya zo ya kafa gadonsa a Maraɗi. Har yau mai riƙe da wannan gado Sarkin Katsina ake ce masa, Katsinar Maraɗi.

Me ya sa nan, ba wani wuri ba? Amsar tana cikin gulbin. A wancan zamani kwarin kurmi ne mai duhu, dawaki ba sa sakewa a cikinsa, da damina kuma taɓo ya tsare hanya. Ga ruwa kusa da ƙasa, ga fadama da za ta ciyar da mayaƙa ko da an ƙone gonakin tudu. Gobirawa ma da suka rasa Alƙalawa lissafin da suka yi ke nan. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya rundunar ƙawance, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda, sai Mayaƙi ya kafa sabuwar fadar Gobir a Tsibiri, 'yan kilomitoci kaɗan daga Maraɗi, a bakin wannan gulbi. Gidajen sarauta biyu da aka kora suka zauna ƙofa da ƙofa a kan ruwa ɗaya, kuma Daular Sakkwato, duk da ƙarfinta, ba ta taɓa iya tumɓuke su ba.

Abin da ya biyo baya shekaru ne masu yawa na hari da ramuwa. A zamanin Ɗan Baskore, wanda ya yi kusan shekara 20 a kan gado daga shekarun 1850, dawakin Maraɗi sun sha isa ganuwar Katsina, sun kuma wuce ta. Ƙasar da ke tsakanin garuruwan biyu ta zama kufai. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya bi ta nan a farkon 1851 daga Tasawa da Gazawa zuwa Katsina, ya ratsa daji inda a da garuruwa suke, ya ga kangon Ɗankama, ayarinsa na tafe cikin tsoron mahara. Dajin Ruma da Rugu, wanda sunansa ke tayar da hankali a yau, yaƙe-yaƙen wancan ƙarni na daga cikin abin da ya mayar da shi daji. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya bi diddigin wannan sauyi a littafinsa kan tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda ya fito a 1981, kuma wanda ya karanta shi zai daina ɗaukar dajin a matsayin wurin da tun asali babu kowa.

Iyakar da aka ja saboda rijiya

Ana yawan cewa Turawa sun ja iyakokin Afirka da rula ba tare da duba ƙasa ba. A wannan yanki maganar ba ta cika daidai ba. Sun duba, kuma ruwa suka duba. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato ta ba Ingila abin da ke ciki. Da Faransawa suka zo aiwatarwa sai suka tarar an bar su da hamada: babu hanyar da ayari zai bi daga Kogin Neja zuwa Damagaram ya sami rijiya a kowane zango. Suka dage sai an gyara. A babbar yarjejeniyar sulhu ta 1904 Faransa ta saki wani tsohon haƙƙin kamun kifi da take da shi a gaɓar Newfoundland, can gabashin Kanada ta yau, Ingila kuma ta biya ta da wasu yankuna a Afirka ta Yamma, ciki har da matso da wannan iyaka kudu. Aka ƙara daidaitawa a 1906, sannan tawagar Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila ta bi ƙasa daga 1906 zuwa 1908 tana kafa alamomi 148 daga Neja zuwa Chadi.

Da haka Maraɗi da Tsibiri da Tasawa suka zama na Faransa, Jibiya da Sabon Birni suka zama na Ingila. Masu ja sun sami abin da suke so, wato hanyar sojoji mai rijiyoyi. Ba su tsaya tunanin cewa sun yanka kogi ɗaya gida uku ba, kansa a hannun wannan, cikinsa a hannun wancan, wutsiyarsa ta koma hannun na farko. A lokacin babu dalilin damuwa, domin babu wanda ke da ikon tsayar da kogi.

Gulbin ya tuna wa sababbin masu mulki da kansa a daminar 1945, lokacin da ya cika ya shafe tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari. Hukumar Faransa ta mayar da garin kan tudu, ta yanka masa tituna miƙaƙƙu masu gicciye juna, waɗanda baƙo ke gani a yau. Kurmin da ya kāre Ɗan Kasawa ya riga ya soma zama gonaki, zaman lafiya ya sa ba a bukatar mafaka, cinikin gyaɗa kuma yana neman fili da hanyar mota. A sabon garin ne Alhazan Maraɗi suka yi arzikin da ya sa sunansu ya kai Kano da Legas.

Jibiya, 1989

Ikon tsayar da kogi ya zo bayan fari. Yunwar 1973 zuwa 1974 ta girgiza Sahel baki ɗaya, Najeriya kuma tana da kuɗin mai. Aka kafa hukumomin raya kwarin koguna, ciki har da ta Sakkwato da Rima, aka shiga gina madatsu: Bakolori, Zobe a 1983, Goronyo a 1984. Farin 1984 ya ƙara wa masu wannan ra'ayi hujja. An zana madatsar Jibiya a 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, aka kammala ta a 1989. Tsawonta mita 3,660, tsayinta mita 23.5, tana iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 142, wato fiye da ninki shida na abin da Ajiwa ke riƙewa. Saboda ƙasar wurin rairayi ce da ke shanye ruwa, sai da aka shimfiɗa wa jikin madatsar wata irin leda mai kauri. An yi ta ne don ruwan sha da noman rani na kimanin hekta 3,500.

Babu mai hankalin da zai ce mutanen Jibiya ba su cancanci ruwan ba. Kogin ta ƙofarsu yake wucewa, suna kallo yana tafiya da damina, su kwana da ƙishi da bazara. Tafkin ya kawo kifi, ya kawo alkama da albasa da tumatir a inda a da sai ƙaiƙayi. Amma akwai aibi a cikin tsarin tun daga zane. Kaɗan ne daga filayen ruwa ke isa da kansa. Mafi yawansu suna sama da tafkin, sai an ɗaga musu ruwa da manyan injuna, injunan kuma sai da man dizal ko wutar lantarki. Duk shekarar da kuɗin mai bai fito ba, ko injin ya lalace, magudanan sukan bushe alhali tafkin na cike. Ruwan da ya zauna a fili a wannan yanki kuwa rana tana shan kusan mita 2 daga samansa kowace shekara. An hana shi tafiya inda yashi zai ɓoye shi, an ajiye shi inda rana za ta same shi, sannan ba a yi amfani da shi yadda aka yi alkawari ba. Nan ne hujjar madatsar ta fi rauni.

A ƙetaren iyaka abin da aka gani shi ne gulbi ya rage fita daga gadonsa. Ambaliyar farkon damina, wadda ke jiƙa fadama, tafkin Jibiya ke fara shanye ta, sai ya cika sannan na ƙasa su gani. Lakar da ke takin gonaki tana kwantawa a bayan madatsar, inda ba ta amfanar kowa, sai ma rage wa tafkin ciki. Noman bin ruwa ya ja baya, rijiyoyi suka ƙara zurfi. Ba adalci ba ne a ɗora wa Jibiya komai, domin ruwan sama kansa ya ragu a shekarun 1970 da 1980, jama'a sun ninka, injunan ban-ruwa sun yawaita a ɓangarorin biyu. Fadamar Jiratawa kusa da Maraɗi, mai kimanin hekta 500, wadda aka shirya a farkon shekarun 1980 kuma ta yi suna da zogale, daga rijiyoyin burtsatse take sha, wato daga ajiyar da gulbin ne ke cika ta. Kowa na ɗiba, mai zubawa ne aka ɗaure wa hannu.

Ƙasashen biyu suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, mai mazauni a Yamai. A ƙarƙashinta aka sa hannu a Yarjejeniyar Maiduguri ranar 18 ga Yuli, 1990, kan raba ruwan kwaruruka huɗu bisa adalci: Maggiya da Lamido, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, da ƙasan Komadugu Yobe. Ta tanadi cewa kowace ƙasa za ta ba ɗayar bayanan ruwa, ta kuma sanar da ita ta shawarce ta kafin ta yi wani aiki da zai taɓa rabonta. Mai karatu ya lura da jerin shekarun. An gama madatsar a 1989, aka yi alkawarin shawara a 1990. Ya kuma lura cewa Tagwai na cikin jerin: ruwan da ke fitowa a famfon GRA ruwa ne da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta ambaci sunansa.

Na sama da na ƙasa

Najeriya ta san zafin zama a ƙasan kogi sarai. Madatsar Kainji, da aka gama a 1968, da ruwan da ya ratso Nijar take juya injunanta. Shi ya sa tun shekarun 1970 ake sayar wa Nijar wutar lantarki, bisa fahimtar da jami'an Najeriya suka sha faɗa a fili, cewa gara a ba maƙwabci wuta da ya tare Neja a sama. Layin da ke kai wuta Maraɗi da Damagaram ma daga Katsina ya tashi ya bi ta Gazawa. Madatsar Kandaji da Nijar ta aza wa harsashi a 2008 ba ta taɓa kwanta wa Abuja a rai ba. Hujjar da Najeriya ke kafawa a kan Neja, cewa na sama ba shi da ikon yin yadda ya ga dama, ita ce hujjar da manomin Madarunfa zai kafa a kan Gada, kalma da kalma. Bayan haka ma, abin da bai wuce Jibiya ba ba zai isa Sabon Birni ba, mutanen Sabon Birni kuwa 'yan Najeriya ne.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Yamai, Najeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wutar. Motoci suka yi layi a Magamar Jibiya da Ɗan Isa, kaya suka ruɓe, har zuwa Maris na 2024 da aka ba da umarnin buɗewa. A Janairun 2025 ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata. Yarjejeniyar Maiduguri ba ta ECOWAS ba ce, tsakanin ƙasashen biyu take, don haka tana nan a takarda. Amma yarjejeniyar ruwa ba takarda ke raya ta ba, injiniyoyi ne da ke karanta ma'aunin ruwa su buga wa juna waya, kuma irin wannan hulɗa ita ce ta farkon mutuwa idan manya suka ɓata. Ga shi kuma ana shimfiɗa layin dogo mai kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar a Fabrairun 2021, zai bi ta Katsina da Jibiya. Duk garin da jirgi ya tsaya zai ƙara jama'a, jama'ar kuma daga kwarin nan za su sha.

Mutanen kwarin ba su jira gwamnatoci sun shirya ba. Tun 2019, da hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a Katsina da Zamfara da gabashin Sakkwato, dubun-dubatar mutane suka tsallaka zuwa ƙauyukan Gidan Rumji da Madarunfa, da yawansu suka sauka a gidajen dangi. Kusan hanyar da Ɗan Kasawa da jama'arsa suka bi ce, daga dajin da yaƙin kakanninsu ya bari. Su ma daga rijiyoyin gulbin suke sha.

Shekara guda kafin haka, a daren 15 ga Yuli, 2018, an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Jibiya. Ba madatsar ce ta ɓalle ba, ruwan sama ne ya fi ƙarfin magudanan garin da rafin da ke gefensa, ya shiga unguwanni mutane na barci. Fiye da mutum 40 suka rasu, ɗaruruwan gidaje suka rushe, dabbobi suka tafi. Da gari ya waye aka shiga neman waɗanda ba a gani ba, aka bi gaɓar kogi ana dubawa har aka kai iyaka. Wasu daga cikin gawarwakin a ƙasar Madarunfa aka tsinto su, mutanen ƙauyukan can ne suka tsamo su daga gulbi suka aiko da labari Jibiya.